Wai da gaske ne an ce a zubar da madarar jarirai?

Maman Khalifa: Slm 'yan uwa ina kwananmu. Dan Allah wa ta ji odiyon nan da ke ta yawo tun jiya da daddare, wata mata ke cewa wai an gano guba a madarar jarirai a Amurka yara na ta mutuwa, wai duk mai gwangwani a gida ta zubar. Ni wlh hankalina ya tashi don tunda na koma aiki Khalifa da ita yake wuni, jiya ko runtsawa ban yi ba

Ummu Afnan: Wslm. Nima an turo min har sau uku. Ni tawa damuwar ma ta fi taki don yayar mijina ce ta aiko mana da gwangwani shida daga can ta kago, yanzu na biyu muke sha

Hajiya Asabe Agege: Innalillahi. To ai ga irinta nan. Mu dai da nono muka raini namu tara, ba mu san wani gwangwani ba

Maman Khalifa: Anti Rukayya in kina kusa dan Allah ki leƙo

Anti Rukayya Nos: Wslm, yanzu na sauko daga aikin dare, na saurari odiyon a cikin danfo. Ku kwantar da hankalinku tukuna. Akwai gaskiya a maganar amma matar ta haɗa ta da abin da ba haka yake ba. Abin da ya faru shi ne a watan Nuwamban 2025 wani kamfani a Amurka mai suna ByHeart ya janye madararsa daga kasuwa, da farko kashi biyu kawai suka janye, bayan 'yan kwanaki suka ce duka ma a daina amfani da ita, saboda an samu jarirai a jihohi da dama da suka kamu da wata cuta da ake kira botulizim kuma aka duba aka ga madarar da suka sha ɗaya ce. Gomman yara aka kwantar a asibiti. To amma kamfani ɗaya ne, kuma ko a can ɗin ƙaramin kamfani ne, kasonsa a kasuwar madarar jarirai bai wuce ɗaya cikin ɗari ba. Babu wanda ya ce duk madarar duniya ta lalace. Ummu Afnan duba gwangwaninki ki faɗa min sunan da ke jiki

Ummu Afnan: Similac ce Anti

Anti Rukayya Nos: To ba ita ce ta wannan maganar ba. Similac tata janyewar a watan Fabrairun 2022 aka yi, kamfanin Abbott ne, wata masana'antarsu da ke jihar Mishigan aka samu wata ƙwayar cuta mai suna kuronobakta a cikinta, suka janye Similac da Alimentum da EleCare na gari da aka yi a wannan wurin. Jarirai huɗu aka yi bincike a kansu lokacin, biyu sun rasu. Rufe wannan masana'anta guda ɗaya shi ya tsananta ƙarancin madara a Amurka gaba ɗaya a shekarar, har sai da gwamnatinsu ta riƙa ɗauko madara a jirgin sama daga Turai. Waɗancan gwangwanayen ai tuni kwanan watansu ya wuce, ke dai juya gindin naki ki duba ranar lalacewa ki tabbatar ba a kankare an sake bugawa ba

Ummu Afnan: Alhamdulillah na duba da saura sosai. Kai amma na ji tsoro

Zainab Obalende: Ni tambayata, kamfani babba irin wannan da injina da komai, ta ina ƙwayar cuta ke shiga? Ba dafa madarar ake ba kafin a busar?

Anti Rukayya Nos: Yawwa Zainab wannan ita ce maganar da na fi so kowa ta riƙe. Madarar gari ba a fito da ita tsarkakakkiya ɗari bisa ɗari daga ƙwayar cuta, ko ta wane kamfani ce, ko ta Ingila ko ta nan, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta daɗe tana faɗar haka. Ana dafa ruwan madarar eh, amma bayan an busar ana zuba wasu sinadaran a bushe, ana bi da garin ta bututu, ana ɗurawa a gwangwani, duk nan abu na iya shiga, kuma ita kuronobakta halinta ke nan tana jure bushewa, sai ta zauna a gari wata da watanni ba ta mutu ba, ranar da ta samu ruwa mai ɗumi-ɗumi sai ta fara hayayyafa. Ga babba mai lafiya yawanci ba komai ba ce, amma jaririn da bai kai wata biyu ba ko bakwaini tana iya shiga jininsa ko ta ba shi sanƙarau. Kuma ba a masana'anta kaɗai take shiga ba, a kicin ɗinmu ma tana shiga, cokalin cikin gwangwani da aka ajiye a kan sink, jiƙaƙƙen hannu, murfin da aka bari a buɗe

Hajiya Asabe Agege: Kun ji ko. Allah da kansa ya ce shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara. Yaran yanzu an fi son gayu da aikin ofis

Maman 'Yan Biyu: Hajiya da girmanki amma wannan maganar ta yi min zafi gaskiya. Ni tiyata aka yi min aka ciro Hassan da Usaina, na yi kwana biyar ruwan nono bai zo ba, babu kunun kanwar da ban sha ba, babu abin da mahaifiyata ba ta aiko daga Funtuwa ba, da ya zo ma bai ishi ɗaya ba balle biyu, ina kuka suna kuka, likita da kansa ya ce a haɗa musu da madara don nauyinsu na raguwa. Gwangwani ɗaya ba ya yi mana sati, kuɗin kuma kun san yadda ya koma, babansu gwari yake saukewa a Mile 12 ba wani mai kuɗi ba ne. Wace uwa ce za ta zaɓi wannan wahalar don gayu

Fa'iza Idi-Araba: Ni kuma yayata ce ta rasu wajen haihuwa, Allah ya jiƙanta, yarinyar tana hannuna tun tana kwana uku kuma ban taɓa haihuwa ba. Me zan ba ta Hajiya

Hajiya Asabe Agege: Allah ya jiƙanta da rahama Fa'iza, Allah ya raya abin da ta bari. Maman 'Yan Biyu ki yi haƙuri 'yata, ban san haka abin yake ba, ba da ku nake ba wlh

Maman 'Yan Biyu: Ba komai Hajiya ya wuce

Anti Rukayya Nos: Nono shi ne gaba da komai wannan babu musu, wata shida zallansa ko ruwa ba a haɗawa, mu ma abin da muke faɗa wa mata kullum a awo ke nan. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariranmu 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla, kuma ba duka laifin iyaye mata ba ne. Ma'aikaciyar gwamnatin jihar Legas wata shida ake ba ta hutun haihuwa, wacce ke kamfani ko shago kuwa dokar ƙwadago sati 12 ta ce, wata ma ko shi ba ta samu, ta fita asuba ta dawo bayan isha saboda gosulo. Don haka tunda akwai masu ba da madara dole, gara mu koyi yadda ake haɗa ta daidai

Maman Khalifa: To Anti ya ake yi? Ni dai fiya wata nake fasawa in ɗan ɗumama in zuba

Anti Rukayya Nos: A'a Maman Khalifa daga yau ki daina. Ko fiya wata ne ko na roba ko na bohol sai kin tafasa shi ya yi tafasa ta gaske. Ki sauke ki bar shi ya ɗan huce amma kar ya wuce minti 30, abin da ake so ruwan kar ya gaza digiri 70 lokacin da zai haɗu da garin, wannan zafin ne ke kashe kuronobakta da wata ƙwayar cutar mai suna salmonela in suna ciki. Ruwa ake fara zubawa a fida sannan gari, da cokalinsa, a shafe kansa daidai kar a danna kar a yi tsororuwa. Ki rufe ki girgiza, sai ki tsoma gindin fidar a kwanon ruwan sanyi har ta huce, ki ɗiga a bayan hannunki ki ji kafin ki ba shi. Abin da kika haɗa in ya yi awa biyu a waje zubarwa ake, wanda ya sha ya rage kuwa ba a ajiye masa sai anjima. Fida da kan roba a wanke da buroshi a tafasa. Kuma gwangwanin da aka buɗe yawanci wata ɗaya ne iyakarsa, yana rubuce a jiki

Maman 'Yan Biyu: Zubarwar nan ita ce mai ciwo Anti, madarar da aka saya da kyar

Anti Rukayya Nos: Na sani wlh. Ki riƙa haɗa kaɗan-kaɗan in sun shanye ki ƙara. Abin da dai ba na so shi ne ƙara ruwa don madara ta yi auki, na ga yaran da aka kawo mana a rame saboda haka, uwar tana ganin tana ba shi fida cike amma rabi ruwa ne

Zainab Obalende: Firij fa? Ni na ji ana haɗawa a sa a firij

Anti Rukayya Nos: A ƙa'ida ana iya ajiyewa har awa 24 a firij mai sanyi sosai. Amma ke kin san wutar unguwarku, in an ɗauke da rana an dawo da ita da magariba wannan firij ɗin bai riƙe komai ba. In ba sola gare ku ba ni ban ba ki shawara ba. Na dare ki cika fulas mai kyau da tafasasshen ruwa kafin ki kwanta, yakan riƙe zafi na wasu awanni, amma banda ruwan jiya da safe

Hajiya Binta Mai Shago: Bari in sa baki ta ɓangaren kasuwa tunda shekara goma sha ina saro kayan masarufi a cikin Ikko. Wallahi akwai abin tsoro a nan gida ma wanda ya fi na Amurka kusa da mu. Za ka ga gwangwani an goge kwanan wata da sinadari an buga sabo, za ka ga wanda ya lotsa ko ya yi tsatsa a gindi an tura shi ƙasan kwali, wani kuma ya sha rana a kwantena wata nawa. Ni dokata ɗaya, in babu lambar NAFDAC a jiki ba na ɗauka ko da rabin kuɗi ne, kuma ina shafa wurin kwanan watan da yatsa in ji ko an taɓa. Su kuma masu sayar da ta waje a Instagram da WhatsApp suna cewa wai ta Landan ce ta fi kyau, to in aka janye ta a can wa zai kira ki a waya ya faɗa miki? Mai kagon? Wacce ta shigo ta hanya aƙalla akwai kamfanin da za a kama

Ummu Afnan: Gaskiya ne wannan Hajiya. Mu mun ɗauka duk abin da ya fito daga waje shi ne mai kyau

Anti Rukayya Nos: Ai Faransa ma ta faru a ƙarshen 2017, kamfanin Lactalis, salmonela ce ta shiga madararsu sai da suka janye kaya daga ƙasashe 83. A Niyuzilan kuma a 2013 kamfanin Fonterra ya yi shelar yana zargin ƙwayar botulizim a wani garin da ake haɗa madara da shi, aka janye kaya har Chana, daga baya gwaji ya nuna wata ƙwaya ce mai kama da ita marar guba. Ni a wurina kamfanin da ya fito ya ce ku dawo da kayana ya fi wanda zai yi shiru. Mu da muka ga zamanin My Pikin a 2008, maganin haƙoran yara da ya kashe yara 84 a ƙasar nan, mun san abin da jinkiri ke jawowa. Duk wacce ta ji labarin janyewa ta duba suna da lambar da ke gindin gwangwani ta gwada da wacce aka sanar, NAFDAC na saka irin wannan sanarwar a shafinsu, kar ta dogara da odiyo

Fa'iza Idi-Araba: Anti to shi botulizim ɗin ruwan zafin na kashe shi?

Anti Rukayya Nos: A'a Fa'iza, kuma gara in faɗa muku gaskiya. Ita wannan ƙwayar tana da wani irin ƙwanso mai tauri da take ɓuya a ciki, kamar irin ciyawa da ke kwance a ƙasa duk rani yana jiran damina, ko tafasa ba ta fasa shi balle digiri 70. Shi ya sa maganin madarar da aka ce tana da shi kawai a daina ba da ita. In jariri ya haɗiye shi sai ya tsiro a hanjinsa ya riƙa fitar da guba mai kashe ƙarfin jijiyoyi, saboda hanjin jariri bai gama tara ƙwayoyin kirki masu hana shi zama ba, ni da ke in mun haɗiya wucewa yake. Kuma samunsa a madara abu ne da ba a saba gani ba sam, shi ya sa labarin ya girgiza mutane. Inda aka fi saninsa shi ne ƙura da ƙasa da kuma zuma. Wannan ta ƙarshen ita ce tamu, ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko ɗigo ɗaya

Hajiya Asabe Agege: Zuma kuma Rukayya? Zumar da Alƙur'ani ya ce akwai waraka a cikinta? Mu da ita ake buɗe bakin jariri tun kakanni

Malama Hauwa Islamiyya: Hajiya ayar gaskiya ce tana Suratun Nahli, babu mai jayayya da ita. Amma tahnikin da ya zo a hadisi da dabino Manzon Allah SAW ya yi shi, ya tauna ya shafa a dasashin jaririn, haka aka yi wa Abdullahi ɗan Zubairu. Zuma mu muka saba da ita a al'ada. Kuma abu ya zama magani ba ya nufin kowa zai sha a kowane lokaci, nama ma halal ne mai gina jiki amma ba a ba ɗan kwana bakwai. In masana lafiya sun tabbatar tana iya cutar da jariri to a jira shekarar ta cika, ba a saɓa wa komai ba

Anti Rukayya Nos: Jazakillahu khairan Malama. Kuma ba wai zumar ce marar kyau ba ko ta jabu ce, ko wacce aka tatso daga amya yau tana iya ɗauke da shi don ƙudan zuma daga fure da ƙura yake kwasowa. Mai jego ita ta sha abinta a kunu ko shayi, ba ya bi ta nono

Hajiya Asabe Agege: To Allah ya sa mu dace. Jikata ta wajen Sani watanta huɗu, bari in kira uwar

Amarya Sadiya: Slm Anti dan Allah ni ban cika magana a nan ba amma tun ɗazu nake karantawa jikina na rawa. Yarona watansa biyu da sati ɗaya nono kawai yake sha, amma da Umman mijina ta zo daga gida tana lasa masa zuma da safe wai saboda ciwon ciki, kusan sati biyu ke nan, ni kuma kunya ta hana ni magana. Yau kwana huɗu bai yi kashi ba

Anti Rukayya Nos: Sadiya kar ki firgita, yaron da ke shan nono zalla yakan yi kwanaki bai yi kashi ba kuma lafiyarsa ƙalau, wannan kaɗai ba ya nuna komai. Amsa min waɗannan. Yana kama nono da ƙarfi kamar da? Kukansa ya canza? In kin ɗaga shi wuyansa da hannayensa fa, akwai ƙarfi ko sun saki? Fatar idonsa tana faɗowa kamar mai jin bacci? Yawu na dalala?

Amarya Sadiya: Tun jiya in ya kama sai ya saki, ba ya ja sosai har nonon ya cika yana min ciwo. Kukan ma ƙasa-ƙasa yake yi, Umma ta ce haƙuri ne da shi. Jikinsa babu zafi ko kaɗan

Anti Rukayya Nos: Rashin zazzaɓi ba ya kore ta, wannan cutar yawanci ba ta zuwa da zafin jiki. Ban ce ita ce ba, abubuwa da yawa na sa jariri ya yi haka kuma ba a ganewa ta waya, amma ɗan wata biyu da ya rage tsotso kuma kukansa ya yi rauni asibiti ake kai shi yau, ba gobe ba. Kar ki je kemis, kar a ba shi jiƙo ko ruwan ɗumi ko wani maganin kashi, kar a ɗura masa komai da cokali don zai iya shaƙewa. Ki je babban asibiti inda ke da sashen gaggawa na yara. Ki faɗa wa likita maganar zumar da bakinki da tsawon kwanakin da aka yi ana ba shi, kar ki ɓoye don kunyar Umma. Ko da ita ce, yaran da aka kai da wuri aka taimaka musu da numfashi da abinci ta tiyo yawancinsu warkewa suke sarai. Kina ina yanzu?

Amarya Sadiya: Mile 12 ta bayan kasuwa. Babansa ya tafi Apapa tun asuba wayarsa ba ta shiga, kuma ban san yadda zan faɗa wa Umma ba

Hajiya Asabe Agege: Turo min lambarki ta gefe ki ba ni ita a waya, ni zan yi mata magana, tsoho da tsoho sun fi jin yaren juna. Ita ma don ƙauna ta yi, ba ta sani ba kamar yadda ban sani ba sai yau

Maman 'Yan Biyu: Sadiya muna kusa, baban su Hassan na cikin kasuwa yanzu na kira shi, akwai ƙaninsa mai mota zai zo ya ɗauke ku. Ki shirya katin rigakafinsa da zani da pampas

Anti Rukayya Nos: Daga nan asibitin Janar na Gbagada ya fi muku kusa, in Ikorodu Rod ta cushe ta Ketu ku sanar da ni. Ki riƙe shi a hannu fuskarsa a buɗe kina kallon numfashinsa, kar ki goya shi a baya. Ki tafi da kwalbar zumar

Malama Hauwa Islamiyya: Allah ya ba shi lafiya, Allah ya sa ba wani abu ba ne

Fa'iza Idi-Araba: Amin ya Rabbi

Maman Khalifa: Amin. Ni ma na goge odiyon daga guruf ɗin danginmu na tura musu bayanin Anti

Amarya Sadiya: Hajiya ta yi magana da Umma, tare za mu tafi ita ce ma ta ɗauko kwalbar. Motar ta iso mun fito

Anti Rukayya Nos: To madalla. Wayata na hannuna ban kwanta ba, in kun isa ki kira ni kafin ku shiga wajen likita